Waya Biyu da Agogo: Yadda Gwani Ke Auna Farfelar Ƙaramin Jirgi

Mai kallon farfelar ƙaramin jirgin sama zai ɗauka juyinta sumul yake tafiya. A cikin injin kuwa bugu ne bayan bugu. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane zagaye, kowane tashi kuma yana tunkuɗa karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa. Farfela tana can bakin sandar da nauyinta, ba ta son a gaggauta ta. Sai sandar ta ɗan murɗe, ta warware, ta sake murɗewa. Ido ba ya gani, amma ƙarfe yana ji a jikinsa.

Matsala tana tasowa idan bugun injin ya zo daidai da rawar da ƙarfen yake yi da kansa, kamar mai tura yaro a lilo daidai lokacin da ya dawo: turi kaɗan, amma lilon sai ƙara sama yake. A haka ƙarfe ke gajiya har ya tsage. Shi ya sa a wasu jiragen Piper Cherokee 180 masu injin Lycoming O-360 aka gargaɗi matuƙi kada ya daɗe tsakanin zagaye 2,150 da 2,350 a minti.

Wannan bugun yana shafar injin da ke da giya ma. Injin Rotax 912 ULS, ƙirar ƙasar Ostiriya, yana kai zagaye 5,800 a minti, sai giya ta rage shi, injin ya juya sau 2.43 kafin farfela ta juya sau ɗaya. Domin kare wannan giyar, kamfanin ya sa iyaka: taurin juyin farfela kada ya wuce 6,000, a ma'aunin kilogiram sau murabba'in santimita. Taurin juyi shi ne gardamar da abu ke yi kafin ya juya ko ya tsaya. Sikeli kaɗai ba ya faɗinsa, domin inda nauyin yake zaune shi ne magana. Nauyin da aka matsar ya ninka nisansa daga cibiya, taurinsa ninki huɗu yake yi.

To, ta yaya gwani ke gano shi? Da farko ya ɗora farfela a sikeli, ya rubuta nauyinta. Sannan ya yanko siraran wayoyi biyu masu tsawo ɗaya, kusan mita 1.8 kowace, ya rataye su a sama. Ya ɗaure farfela a kwance, waya ɗaya dama da cibiya, ɗaya hagu, nisa ɗaya, wayoyin kuma a miƙe sambal. Ya rufe ƙofa da taga, kada iska ta sa baki. Ya jira har komai ya natsu.

Daga nan ya sa yatsa a bakin reshen farfelar, ya ɗan karkata shi, ya saki. So yake ta juya a kan cibiyarta, ta je ta dawo. In ta soma kaɗawa gefe da gefe, sai ya tsayar ya sake. Da agogo a hannu yana ƙirga zuwa da dawowa talatin, ya rubuta daƙiƙun, ya maimaita don ya tabbatar. Farfelar da nauyinta ya taru a bakin rassa a hankali take dawowa, wadda nata ke kusa da cibiya kuwa da sauri. Ya haɗa daƙiƙu da nauyi a jadawalin kamfanin, amsa ta fito.

Mai son jiki ɗaga farfela yake da hannu, ya ce ai ba nauyi, ya ɗaure kusoshi. Daga baya, duk lokacin tayar da inji ko barin sa a ƙaramin gudu, haƙoran giya suna ta dukan juna suna cinyewa. Gwani kuwa, in lissafi ya haura 6,000, ajiye farfelar yake komai kyanta, ya nemo wata.