Mugun Barde da Dabarunsa na Yaƙi a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna tattauna tauraron labari, asalinsa da halayensa da irin nasarorin da yake samu. Abokin gabarsa kuwa, watau mugun barden da ake kawowa domin a kara da shi, ba a cika waiwayarsa ba. Wannan maƙala za ta duba yadda ake sa wannan barde ya yi faɗa a cikin labaran jaruntaka na Hausa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, marubuta sun ba shi ƙarfi da asiri da yawan mayaƙa, amma sun hana shi tunani, alhali kuwa tarihin yaƙi da adabin baka sun san abokin gaba mai dabara. Za a kafa hujja da yankin Zamfara da ya haɗa Tsibiri da Maradun da Bakura da Talata Mafara, domin ƙasa ce ta makaɗa da 'yan dambe, kuma mutanenta sun ga mugu mai makami ido da ido a 'yan shekarun nan.

2.0 Ma'aunin da aka aro

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wani wasa a Amurka mai suna Dungeons & Dragons. Mutane ne sukan zauna a kewayen tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, a riƙa ƙaga labari tare. Mutum ɗaya shi ne jagora, shi ke bayyana duniyar labarin, shi kuma ke motsa dodanni da miyagun barade. In an zo faɗa sai a jefa ɗan ƙuri'a mai fuska ashirin, a ga ko sara ya samu ko ya kuskure.

Abin sha'awa ga mai nazarin adabi shi ne, a wannan wasa jagora ba ya iya rubuta wa jarumi nasara tun da farko. Dole ya tsaya a bayan mugu ya yi tunani a madadinsa. A 2019 Keith Ammann ya fitar da littafi a kan wannan batu, wanda ma'anar sunansa ita ce dodanni sun san abin da suke yi. Hujjarsa ita ce, duk halittar da ta rayu har ta shahara da faɗa tana son ranta, ta san abin da ta fi ƙarfi a kai, kuma takan gudu in rauni ya yi tsanani. Daga nan ana iya fitar da tambayoyi uku da za a auna kowane mugun barde da su. Me yake nema? A wane wuri da wane lokaci zai zaɓi a yi karon? Yaushe zai janye?

3.0 Gandoki da Iliya

Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ya kasu kashi biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ginshiƙin wannan nazari. A kashi na farko abokan gabar Gandoki su ne sojojin Turawa, daga Kwantagora da Bida a 1901 har zuwa Burmi a 1903. Wannan abokin gaba tarihi ne ya ara wa marubucin, ya zo da horonsa da tsarinsa da bindiga mai ruwa, kuma yana amsa tambayoyin nan uku. Sakamakon haka jarumin, duk da cika bakinsa, ya bar ƙasa ya yi gabas. Mai karatu yana jin nauyin wannan kashi domin ya san ana iya rasawa.

A kashi na biyu labarin ya shiga duniyar aljanu da ƙasashe masu nisa. A nan abokan gaba yawa ne kawai gare su. Sukan zo gaba da gaba, su tsaya a sare su, ba wanda ke jan jarumi zuwa wurin da dokinsa ba zai yi amfani ba, ba kuma wanda ke ja da baya domin ya dawo gobe. Takobin Gandoki ya ƙara kaifi, amma darajar nasararsa ta ragu.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951, an gina shi ne a kan labaran Rasha na Iliya Muromets, shi ya sa aka sami Sarki Waldima da birnin Kib. A tushen labarin an yi wa jarumin albishir cewa ajalinsa ba a fagen fama yake ba. Irin wannan albishir yana ɗaure hannun mai labari, domin komai yawan rundunar da ta kewaye birni an riga an san ƙarshenta. Duk da haka, a tushen na Rasha akwai inda abokan gaba suka haƙa ramuka a kan hanyar dokin Iliya, ya faɗa, aka kama shi. Ramin nan ya fi dubun mayaƙa tsoratarwa, saboda yana nuna akwai wanda ya zauna ya lura da halin jarumin, ya gane cewa gaggawarsa ita ce lagonsa.

Littattafan yaƙi na kasuwar Kano da suka yawaita tun daga shekarun 1990 sun fi bin kashi na biyu na Gandoki. Mugun barde a cikinsu yakan dogara da tsafi, a yi ta gumurzu kwana da kwanaki, har a gano makarin asirinsa, sai ya faɗi. Wannan gado ne daga Dodon tatsuniya, mai ƙarfi marar wayo, wanda ko yaro yana iya yaudararsa.

4.0 Abin da tarihi ya sani

Ba a kawo tarihi a nan domin a kira wani ɓangare mugu ba. Wanda yake abokin gaba a bakin marubucin Sakkwato shi ne gwarzo a kirarin Gobir. Abin lura shi ne yadda abokin gaba na gaskiya yake koyo. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya dogara da dawakin lifida, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu kuma suka karya shi. Kafin shekarar ta ƙare Gobirawa suka rama a Tsuntsuwa, inda aka kashe mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, a 1805 kuma jama'a ta sake shan wuya a Alwasa. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Muhammadu Bello bai ɓoye waɗannan asarori ba a cikin Infaƙul Maisuri, kuma su ne suka ba labarin nasarar ƙarshe nauyinsa.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa sabon mazauni a wata Tsibirin, ta kusa da Maraɗi. Daga can su da Katsinawan Maraɗi suka rage fito-na-fito, suka fi dogara da hari: a fito da sauri, a auka wa gari, a koma kafin runduna ta taru. Daular Sakkwato ta amsa da ribaɗoɗi a bakin iyaka. Harshen kansa ya adana wannan sani a kalmomi irin su kwanton ɓauna da sammako da zagon ƙasa da leƙen asiri. Kayan aiki ne da ke ajiye, ƙagaggen labari bai cika taɓa su ba.

5.0 Shaidar makaɗa

Makaɗan baka sun fi marubuta fahimtar wannan batu. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, da sauran makaɗan fada sun san cewa yabon sarki ba ya cika sai da magabci, shi ya sa zambo da habaici suke tafe da kirari. Magabcin nan kuma mai makirci ne, mai kwana yana shiri. A fagen dambe abin ya fi fitowa fili. Ɗan'anace ya ɗaukaka Shago, amma da babu irin su Ɗandunawa da waƙar ba ta da abin dogara. Duk wanda ya kalli dambe bayan kaka a garuruwan Bakura da Talata Mafara ya san cewa ɗan damben da ake shakka shi ne mai haƙuri, wanda ke auna tazara da hannun kariya, ya bar abokin karawa ya gaji a turmin farko, ya ajiye hannun da aka naɗa wa kara har sai ƙofa ta buɗe.

6.0 Kammalawa

Wannan batu ya wuce gyaran salo. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zamfara, a Fabrairun 2021 kuma aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Manomin Tsibiri ko Maradun ya san mugu mai amsa tambayoyin nan uku: yana neman shanu da kuɗin fansa, yana zaɓen dare da hanyar da babu tsaro, yana da mai kai masa rahoto a cikin gari, yana komawa daji a kan babur kafin taimako ya iso. Labarin da ke koya wa yaro cewa mugu wawa ne mai jiran takobi bai shirya shi ga wannan duniya ba.

Akwai haɗari a ɗaya gefen, kuma tsohuwar muhawarar da aka yi a kan waƙoƙin Kassu Zurmi da Gambu, masu ambaton ɓarayi, ta nuna shi: bayyana gwanintar mugu yana iya komawa yabonsa. Mafita tana ga zubin labari. A ba mugu hankali, a kuma nuna wanda dabarar tasa ta faɗa wa, gonar da aka bari ba noma da gidan da aka watse. Sa'an nan a sa jarumi ya ci nasara da abin da ya fi ƙarfin damtse, watau lura da shawara da haɗin kan jama'a. Malaman da ke koyar da Gandoki suna iya farawa da sa ɗalibai su sake rubuta faɗa guda na kashi na biyu, su tsaya a bayan abokin gaba, su amsa masa tambayoyin nan uku.