Tseren Mata a Mubi Ba Sai An Jira Babban Taro Ba

Gasar tirayatulon, wato ninƙaya da tuƙa keke da gudu a jere ba hutawa, ta shiga wasannin Olamfik a birnin Sidni a 2000, kuma da tseren mata aka buɗe ta. Kilomita 1.5 ne a ruwa, 40 a kan keke, 10 a ƙafa. Mazaunin Mubi da ya ji wannan zai ce wasan masu hannu da shuni ne, ina ruwan biri da gada. A ganina annobar korona ta rushe wannan uzuri, domin ta nuna cewa tsere yana yiwuwa ba tare da cincirindon jama'a ba. A 2020 an ɗage gudun yada-ƙanin-wani na Landan daga Afrilu zuwa 4 ga Oktoba, gwanaye kaɗan suka yi ta zagaye wani lambu da aka killace, sauran dubbai kowa ya yi nasa a unguwarsu, waya tana auna masa nisa. Masu shirya tirayatulon kuma suka koma sallamar 'yan tsere kaɗan-kaɗan, da tazara tsakani.

Abin da aka yi don tsoron cuta shi ne daidai abin da matanmu ke buƙata. Matar da ke sungumar jarkar ruwa ta ɗora a ka, ta taka zuwa gona da goyo a baya, ƙarfi ba shi ne matsalarta ba. Idon mutane ne, da 'yan zaman kan benci masu jifa da baƙar magana. To a ba ta fili mai katanga, kamar harabar Jami'ar Jihar Adamawa ko ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da sanyin safiya, a riƙa sallama biyar-biyar. Mai hura usur mace, mai riƙe agogo mace, malamar asibiti tana gefe, ga tabarma a inuwa inda za a kula da yara.

Za a ce ina batun sutura da addini? Tambaya ce mai nauyi, kuma tana da amsa. Shirin Gerami 'yar Iran ta shiga gasar tirayatulon ta duniya a Landan a 2013 jikinta a rufe ruf. Kafin ita da ƙarnuka, ruwaya ta tabbatar cewa Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah (SAW). Za a kuma ce ina ruwan ninƙayar? Gaskiya ne, kogin Yedzaram ambaliya yake yi da damina, da rani kuwa yashi ne, kada a tura 'yar kowa ciki. A fara da gudu da keke kawai, wanda shi ma gasa ce da duniya ta amince da ita.

Wasu za su ce garin da ya faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014 yana da abin da ya fi wasa muhimmanci. Na yarda, amma hawan jini da ciwon suga ba sa jiran a gama farfaɗowa, kuma kuɗin shirin bai wuce na usur da ruwan leda da kekunan aro ba. Ina kira ga malaman Islamiyya mata, da zumuntar mata ta coci, da shugabannin makarantun nan biyu, su zauna su tsayar da Asabar ɗaya kafin zafin bazara ya shigo.