Hannun da ke Tsayar da Jirgi a Iska

Abu na farko da gwani yake koya wa sabon shiga a tuƙin ƙaramin jirgi marar matuƙi, wanda samari ke kira diron, shi ne tsayuwa. Ya ɗaga jirgin daidai tsayin mutum, ya bar shi wuri ɗaya, ya juya hancinsa sannu a hankali, sannan ya sauke shi a kan kwalin da ya tashi. Sai ya sake, ya kuma sakewa, har batir ya ƙare. Mai kallo daga gefe zai iya raina abin. Amma duk wani kyakkyawan hoton sama da ka gani, na taron ɗaurin aure a Jega ko na lambunan albasar Aliero da suka yi kore shar da rani, daga wannan tsayuwa ya samo asali, kuma da ita ake gane wanda ya iya.

Jirgin farfela huɗu gare shi. Biyu na juyawa ta dama, biyu ta hagu, don murɗawar waɗannan ta kashe ta waɗancan, in ba haka ba da jikin jirgin ya dinga wulwulawa. Ba shi da sitiyari. Komai da bambancin gudun farfelun ake yin sa: in ana son ya yi gaba, na baya su ƙara ƙarfi, hanci ya sunkuya, ya tafi, in ana son ya waiwaya, biyun da ke juyawa gefe guda su ɗara sauran gudu. A cikinsa akwai 'yar kwamfuta mai auna karkatarsa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, tana karɓar bayanin wuri daga taurarin ɗan'adam, tana auna tsayi da nauyin iska, ga kuma ƙananan idanu a ƙarƙashin cikinsa suna kallon ƙasa. Saboda haka a jirage masu inganci, da zarar ka ɗauke yatsu daga rimot, jirgin birki yake ja ya tsaya cak. Shi ya sa za ka ji mai koyarwa yana ta nanata wa na kusa da shi: "Ƙanena, in ka rikice, saki!" Wannan umurni da sauƙin faɗa yake, amma hannun da ya tsorata damƙewa yake yi, kuma damƙar nan ce ke kai jirgi cikin dogonyaro.

Rimot ɗin ƙananan sanduna biyu ne a ƙarƙashin manyan yatsu. A tsarin da aka fi amfani da shi, ta hagu ita ke hawa da sauka da waiwaye, ta dama kuma gaba da baya da gefe. Muddin jirgi ya ba ka baya, damarka damarsa ce, komai na tafiya daidai. Ranar da ya juyo ya fuskance ka, sai lissafi ya birkice, kamar mutum biyu da suka tsaya gaba da gaba za su gaisa: damar wannan hagun wancan ce. Ka tura dama, ka ga ya nufi hagu. Ka ƙara turawa don gyara, ya ƙara nisa cikin kuskure. A nan ne akasarin masu koyo ke karya farfelarsu ta farko. Maganin abin atisaye ne: a aje duwatsu huɗu a fili, a bi da jirgi daga wannan zuwa wancan yana ba ka baya, a sake yana ba ka gefe, a sake yana kallonka, har yatsu su daina jiran shawarar kai. Wanda ya kai wannan matsayi, in ka dubi hannunsa da ƙyar za ka ga motsi. Ba ya buga sanda, matsa ta yake yi kaɗan-kaɗan, kafaɗunsa a sake, idonsa na kan jirgi, allon wayar da ke haɗe da rimot kuwa leƙe kawai.

Wajen fili, yankin nan ya yi sa'a. Bayan an kwashe gero da dawa, gonakin wajejen Maiyama shimfiɗe suke ba iyaka, ga filayen ƙwallo a bayan gari. Sai dai gwani ba ya tashi daga ko'ina. Yana nisantar wayoyin lantarki da turakun sadarwa, ba ya ɗora jirgi a kan mota ko kusa da tarin ƙarfe, domin ƙarfe na ruɗa kamfas ɗin da ke ciki. Yana shimfiɗa tabarma ko kwali don kada farfela ta tayar da yashi ya shiga injin da maƙalin kyamara. Sannan ya jira har manhaja ta shaida masa ta kama taurari isassu, ta kuma rubuta inda aka tashi. Mai gaggawa wannan jiran yake tsallakewa.

Babban malamin wannan sana'a a ƙasar Kabi iska ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ta hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas. Da sassafe takan yi lif, da hantsi ta tashi, don haka masu hankali bayan sallar asuba suke fita, ko kuma bayan la'asar. Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne iskar da ke taɓa rigarsa a ƙasa ba ita ce a sama ba. Can ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Gwani kan dubi kan giginya ya ga yadda ganyenta ke rawa, ya dubi hayaƙin da ke tashi daga gari, sannan ya ɗaga jirgi ya tsayar ya lura da yadda yake jingina. Ƙaramin samfurin Mini 2 da kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fitar a 2020, iyakar iskar da aka ce yana jurewa ba ta wuce kusan kilomita 38 a sa'a ba. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta alkibla: a tafi ana fuskantar iska, a dawo tana tura jirgi daga baya. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin tafiya, jirgi na gudu ba wahala, sai ya juyo ya tarar batir na zuba, jirgin kuwa kamar ba ya motsi. In hakan ta faru, gwani ƙasa-ƙasa yake saukowa inda iska ta yi sauƙi, in ta ƙi ya nemi fili ya sauke, ya taka da ƙafa ya ɗauko. Da hazo ya yi kauri kuwa, jirgi kan ɓace wa ido tun bai yi nisa ba, don haka a ranar kusa ake wasa. Da damina, in gabas ta haɗa hadari, ba a tsayawa shawara, domin iskar da ke riga ruwa isowa ba ta sallama.

Sai zafi. Yawancin waɗannan ƙananan jirage an ƙera su su yi aiki ne zuwa digiri 40, alhali a Maris da Afrilu zafin yankin nan kan zarce haka. Waya takan yi zafi allonta ya dushe a daidai lokacin da ake bukatarsa. Batir ba a barin sa a cikin mota a rana, ba a sa shi caji yana da zafi, ba a aje shi cike taf na makonni, wanda ya kumbura kuma an gama da shi. Kwalin da jirgi ya zo a ciki kan ce batir zai yi minti 30, amma mai lura tun saura kashi 30 cikin ɗari yake kama hanyar gida.

Akwai maɓallin dawowa gida, wanda ke sa jirgi ya hau wani tsayi da aka ƙayyade ya miƙe zuwa inda ya tashi. Da yawa daga cikin masu araha ba su da ido a gaba, saboda haka in tsayin da ka sa bai wuce kuka ko turken da ke tsakani ba, kai tsaye zai faɗa musu. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: a auna abin da ya fi tsayi a wurin, a ƙara a kai. A kan Gulbin Zamfara, ruwa mai sheƙi na ruɗa idanun ƙasan nan, jirgi ya dinga zamewa, don haka ba a yin ƙasa da yawa. Shirwa ma takan kawo farmaki, musamman kusa da mahauta. Mafita ita ce a yi sama da sauri a bar mata wurin.

Duk wannan rabin gwaninta ne. Ɗaya rabin yana ƙasa, tsakanin mutane. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, makewayi sau da yawa ba rufi, kuma abin da zaure da katanga suka kare, kyamara daga sama tana ganinsa sarai. Wanda ya ratsa da jirgi ta kan gidajen mutane ya shiga gida ba sallama, ko da bai ɗauki komai ba. Ga kuma halin tsaro. Tun abin da ya auku a Tudun Biri ta jihar Kaduna ranar 3 ga Disamba 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu taron Maulidi, ƙugin abu a sama ba wasa ba ne a kunnen mutumin karkara. Shi ya sa nake girmama yaron da kafin ya buɗe jaka zai je ya durƙusa ya gai da mai gona ko mai unguwa. In dattijo ya ce, "Wanga abu na mene ne, yaro?" ya amsa, "Baba, hoto yake ɗauka, in kun yarda zan tashe shi nan bayan gona, ku zo ku gani." Ya miƙa masa wayar ya ga gonarsa daga sama. Doka ma tana nan: tun Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ba a wuce tsayin mita 120, ba a barin jirgi ya ɓace wa ido, ba a kusantar barikin jami'an tsaro ko filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Gram 249 da aka rubuta a jikin wasu ƙanana an yi shi ne don dokokin rajista na wasu ƙasashe da ke farawa daga gram 250. Kada ya sa mutum ya ɗauka ba ya bukatar tambaya a nan.

Wanda ya haɗa waɗannan duka, aikinsa abin kallo ne. Zai bi fadama a hankali, kyamara na kallon ƙasa, fangali na bin fangali, har manomi ya nuna allo da yatsa ya ce ga inda ruwan inji bai kai ba, ga inda ganye ya soma ja. A Aliero, garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, da matasa masu kaifin kai, da gonakin da albasarsu ke cika kasuwanni har kudancin ƙasar nan, wannan ilimi ya cancanci a riƙe shi da muhimmanci. Kai da ke tara kuɗin sayen naka, ka fara neman izinin hukuma, ka sayi farfela ta sauyi tare da jirgin, ka kuma nemi wanda ya riga ka iyawa ya tsaya kusa da kai a fitarka ta farko.