Gwanayen Karanta Cikin Lu'ulu'u

Ɗora ƙwayar lu'ulu'u biyu a tafin hannunka, girmansu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya. Guda kawa ce ta yi ta da kanta a ƙarƙashin teku, guda kuma ta kiwo ce, wadda mutum ya dasa. Ko dillalin da ya tsufa a kasuwar ba zai yarda ya rantse a kansu ba. Amma kama da wane ba ta wane, kuɗinsu ma ko kusa ba su haɗu ba.

Tun da Kokichi Mikimoto na Japan ya fara samun lu'ulu'un kiwo a 1893, wannan ruɗani yake damun 'yan kasuwa. Bahrain, wadda mutanenta suka daɗe suna ci daga nutso a teku, ta haramta cinikin na kiwo a 1928. A 2017 kuma ta kafa cibiyar DANAT domin tantancewa.

Fasa ƙwayar asara ce, don haka sai a ɗauke ta hoton eksire, irin wanda ake duba karaya da shi a asibiti. Na asali yakan fito da zobe cikin zobe har tsakiya, kamar an yanka albasa. Na kiwo kuwa dunƙulen ɓawon kawa ne da aka goge aka cusa, sai siririn rufi mai ƙyalli a kansa, da baƙin layi da yakan zagaye mahaɗarsu.

Inda gwaninta take fitowa shi ne wajen na kiwon da ba a sa masa dunƙule ba, tsokar wata kawa kawai aka dasa, kamar yawancin na ruwan daɗi da ake yi a Sin. Shaidarsa ɗan rami ne a tsakiya, wani lokaci kamar tsinken gashi da ya lanƙwashe. Gwani yakan juya ƙwayar ya ɗauke ta ta fuskoki daban-daban, domin abin da ya ɓuya ta nan ya bayyana ta can. In shakka ta rage, sai a koma ga na'urar da ke nuna cikinta yanki-yanki a kwamfuta.

Na'ura hoto kawai take bayarwa. Hukuncin na idon da ya ga dubban ƙwayoyi ne, kuma da sa hannun gwanin farashi yake tsayuwa.