GAWAYI DA RUWA: NAZARI A KAN ZANEN DUBA ZUCI DAGA KAFANCHAN ZUWA KALKATA

Gabatarwa

Mu manazarta adabin Hausa mun saba da auna waƙa da ƙagaggen labari ta fuskar jigo da salo, amma da wuya mu ɗora zane a kan wannan sikeli. Manufar wannan maƙala ita ce duba wani nau'in zane da ake yi da gawayi da fentin ruwa, wanda mai yin sa ke mayar da ido cikin zuciyarsa. Ra'ayinmu shi ne irin wannan zane ba gudun jama'a ba ne, wata hanya ce ta ɗaukar nauyin abin da ya same su.

Tushen Al'amarin

Duk wanda ya bi layin dogo daga Zonkwa zai sauka Kafanchan, inda Uche Okeke (1933-2016) ya yi firamare. A nan ya buɗe wata cibiyar al'adu a ƙarshen shekarun 1950, wadda daga baya ta koma Nimo da sunan Asele. A 1958 shi da abokansa, irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Simon Okeke, suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Aƙidarsu ita ce a auri dabarar Turawa, a haɗa ta da fasahar gado. Zanen Uche mai suna Jumaa (1961) shaida ne cewa Arewa ta zauna masa a ido.

Salon Simon Okeke

A cikinsu, Simon Okeke (1937-1969) ne ya fi nitsewa cikin zuci. Sassaƙa ya karanta, kuma hakan ya bayyana a fentin ruwansa. Yakan cika takarda da duhu, sannan ya bar haske ya fito da goshi ko kafaɗa ko gwiwa, har mutum ya zaci dutse aka fafe. Mutanensa a takure suke, gaɓoɓinsu a murɗe, kamar wuri ya yi musu kaɗan. Idan muka ari ma'aunin waƙa, duhun nan shi ne amshi, hasken kuwa shi ne baitin da ke ɗauke da saƙo. Ya rasu ana tsakiyar yaƙin basasa, yana da shekara talatin da biyu.

Takwarorinsa na Bengal

Irin wannan salo ya yi ƙarfi a Kudancin Asiya. A yunwar Bengal ta 1943, Zainul Abedin ya haɗa tawada daga gawayi, ya zana mayunwatan titunan Kalkata a kan takardar ƙunshe kaya. Ganesh Pyne (1937-2013), sa'an Simon, yana ɗan shekara tara ya ga tarzomar Kalkata ta 1946. Da fentin ruwa ya soma, kuma ƙwarangwal da inuwa da fitila mai dishi-dishi suka bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Abedin ya zana abin da ido ya gani, Pyne ya zana abin da ya rage a zuci bayan ido ya kau. Simon ya fi kusa da na biyun.

Me ya sa waɗannan kayan aiki suka dace da wannan jigo? Gawayi ragowar abin da wuta ta ci ne, yana goguwa da yatsa, amma yakan bar tabo. Fentin ruwa kuwa yana da wuyar gyara, musamman da zarar ya bushe. Hasali ma, Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin da gawayi da ƙaro almajiri ke haɗa tawadarsa, da ruwa kuma yake wanke allonsa.

Sai dai salon na da rauni. Idan duhu ya zama ɗabi'a, zane ɗaya yakan yi kama da ɗan'uwansa, mai kallo ya gaji. Haka kuma, alamomin da mai zane kaɗai ya san ma'anarsu sukan rufe ƙofa, kamar waƙar da ta cika kurman baƙi.

Kammalawa

Kudancin Kaduna, ƙasar da ta ba duniya sassaƙen Nok, ta ga rikicin Kafanchan a 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na Zonkwa a 2011. Rahoton kwamiti yana ƙirga gidajen da suka ƙone, amma ba ya auna abin da ya ƙone a ƙirji. Wannan aikin masu fasaha ne. Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu hannun zane su ɗauki gawayi, mu kuma manazarta mu koyi karanta layi da inuwa kamar yadda muke karanta ƙafiya da kari.