Wuƙar Kube: Abin da Mai Saye Ba Ya Gani

Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, kasuwar wuƙa kan buɗe a duk garin da ake layya. A Kurmi ta Kano ko a kasuwar ƙauye, za ka ga an baza su a kan buhu: ta maƙeri baƙa wuluk, ta kanti mai walƙiya kamar madubi, da wadda aka yi wa kube ja da kore har da tuntu. Mai saye ya ɗauka, ya shafa babban yatsa a gefen kaifin, ya tambayi kuɗi, a yi ciniki. Wannan shafawar ita ce kusan duk binciken da ake yi, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani, domin ko gwangwani aka wasa zai yi kaifi na ɗan lokaci. Abin tambaya shi ne ko kaifin zai kai ƙarshen fiɗar rago guda.

Wuƙar da ba ta ninkewa, wadda ake sokewa a kube, tsohuwar abokiyar tafiya ce a wannan yanki. Manomi na yanke igiya da ita, makiyayi na gyara sanda, mahauci kuwa ita ce jarinsa. Buzayen Agadas suna da tasu mai mariƙi kamar gicciye, wadda ake zura zoben kubenta a hannun hagu, mariƙin na kallon wuyan hannu, kuma ana samun 'yan uwanta na damtse har Cadi da Sudan. Fifikon miƙaƙƙiyar wuƙa a kan mai ninkewa ba ɓoyayye ba ne: ba ta da gaɓar da za ta saki, ba ta rufewa a kan yatsa, ba ta da lungun da jini da kitse za su maƙale su yi wari. Da kuɗi ɗaya, miƙaƙƙiyar wuƙa kusan kullum ta fi mai ninkewa ƙarko, saboda duk kuɗin a ƙarfe ya tafi.

To amma wane ƙarfe? Kakannin maƙeranmu tama suke narkawa, har tarihin baka na Kano yana cewa neman tama ne ya kawo wani maƙeri daga Gaya zuwa gindin Dala. Wannan sana'a ta narka tama ta mutu tun da ƙarfen Turai ya cika kasuwa a ƙarni na 20, kuma yau ma'adinin maƙeri shi ne wurin 'yan gwangwan. Can ake rabuwa. Maƙerin kirki yana neman sifirin tsohuwar mota ko mataccen magagari, domin su ne masu isasshen sinadarin kabon. Sifirin mota yakan ƙunshi wajen kashi 0.6 cikin ɗari, abin da ya isa ƙarfe ya taurara in an bi da shi yadda ya kamata. Mai neman sauƙi kuwa sai ya ɗauki rodin gini ko guntun falange ya buga. A ido ba ka bambance su. Sai an yi kwana biyu ana aiki, ɗaya ta riƙe bakinta, ɗayar ta lanƙwashe kamar an taka ta.

Ko da ƙarfen mai kyau ne, rabin aikin yana cikin wuta. Bayan an gama ƙira, ana mayar da ruwan wuƙar cikin garwashi, galibi na gawayin ƙirya, har ya yi jawur, zafin ya kai wajen digiri 800, inda maganaɗisu ke daina kama shi. Sai a tsoma shi cikin mai ko ruwa nan take. Wannan ne ke ba shi tauri, amma taurin da ke tare da gautsi: in ya faɗi a kan dutse yana iya karyewa. Dole a sake ɗumama shi a hankali, wajen digiri 200, har fuskarsa ta yi launin kara busasshe, don ya sami ɗan sassauci. Mataki na biyun nan shi ne wanda gaggawar kasuwar Sallah ke cinyewa. Maƙerin da aka ba aikin wuƙa ɗari a mako ba zai tsaya kallon launi ba, shi ya sa ake samun wadda bakinta ke ɓantarewa da zarar ta taɓa ƙashi. Mai saye na iya gwada wani abu a nan: a goga ƙaramin magagari a kusa da kaifi. In ya kama ƙarfen ya ci shi cikin sauƙi, ba a taurara ta ba. In ya zame yana ƙara, ta sha wuta. Ko an sassauta ta bayan nan, wannan sai amanar maƙeri, kuma dalili ke nan da mahauta ba sa sauya maƙerinsu.

Ta kanti mai walƙiya tana da nata labarin. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Shefil na Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin ɗari. Akwai nagari a cikinsa, sai dai mafi arhar da ke shigo mana an yanko su ne daga falle mai laushi, aka goge, aka buga musu tambari. Ba sa tsatsa, gaskiya ne. Ba sa kuma yanka na dogon lokaci, kuma wasa su a kan dutse wahala ne, don bakin sai ya riƙa naɗewa maimakon ya fito. Ana cewa araha ba ta ado. A kasuwar wuƙa abin ya juye, arahar ce ta fi kowa ado.

Akwai inda aka warware wannan matsala ta rashin tabbacin inganci, kuma ya kamata a duba shi. A garin Mora na ƙasar Suwidin an daɗe ana ƙera wuƙa, masana'antar Frost ta fara a 1891, ta KJ Eriksson a 1912, suka haɗe a 2005, yau ana sayar da kayansu da sunan Morakniv. Wuƙar tasu ba ta da abin burgewa. Ruwanta bai fi santimita 10 da ɗoriya ba, kaurinsa wajen milimita 2, mariƙin roba ne ko icen da aka shafa wa jan fenti, kuben ma roba. Mafi arha a cikinsu ba ta kai yuro 20 ba, magina da kafintoci na can suna saye kamar yadda ake sayen fensir. Amma ta ɗaya da ta dubu duk tauri ɗaya ne, domin injin da ke auna zafi ba ya gajiya, ba ya kuma sauri don Sallah ta matso. An kuma yi mata baki mai faɗin gangare guda, wanda ko yaro zai kwantar a kan dutse ya wasa ba tare da ya ɓata ba. A ganina tunaninsu da na maƙerinmu ɗaya ne: wuƙa kayan aiki ce da washi zai cinye a hankali, ba kayan gado ba. Wuƙar maƙerin da ya ƙware tana iya karawa da tasu a wajen yanka. Inda suka fi mu shi ne ba sai ka san maƙerin ba kafin ka yarda da wuƙar.

Mariƙi ba ya buƙatar dogon bayani. Wutsiyar ƙarfen ta shiga cikinsa sosai, in ta fita har ƙarshe aka lanƙwasa ko aka dandaƙe kanta, ya fi. Girgiza ta kusa da kunne. In ka ji motsi, ajiye. Mariƙin da aka lulluɓe da farin ƙarfe yana da kyau a ido, yana kuma santsi in hannu ya jiƙe da kitse.

Kube ne aka fi rainawa, alhali shi ne rabin wuƙar da za a ɗauka kullum. Dukawanmu gwanaye ne, aikin fatar Kano da Sakkwato ya yi suna tun zamanin fataken Sahara, sai dai gwanintar ta fi karkata ga abin da ido ke gani. Kube mai kyau yana da ƙarin tsirin fata tsakanin ɓangarorinsa biyu, a layin ɗinki, don kaifi ya ci fata maimakon zare. Da yawa ba su da shi, wata rana tsinin ya leƙo ta ƙasa ya sami cinya. Ya kamata kuma ya riƙe wuƙar ko an kifa shi. Sannan fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan laima, tana kuma baƙanta ƙarfe, don haka wanda ya bar wuƙar maƙeri cikin kube damina guda zai zaro ta da tsatsa. Ɗigon man gyaɗa da tsumma sun isa maganin wannan. Kuben roba mummuna ne, ba na musu, amma ana wanke shi da ruwa da sabulu.

Saura batun tsawo, wanda ya daina zama na fasaha kawai. Aikin yau da kullum, yankan igiya, feraye rake, ɓare mangwaro, gyaran kaza, ba ya neman ruwan da ya wuce faɗin tafin hannu. Abin da ya ɗara haka nauyi ne a ƙugu da tambaya a shingen 'yan sanda. Rikicin daba da ƙwacen waya sun sa wuƙa a jikin saurayi a cikin birni ta zama abin zargi, ko da niyyarsa fes take, kuma ba mu kaɗai ba ne: dokar Ingila ta 1988 ta hana yawo da wuƙar da ba ta ninkewa a bainar jama'a sai da ƙwaƙƙwaran dalili, komai ƙanƙantarta, Suwidin ɗin da ke ƙera Mora ma tana da irin wannan doka. Masu cewa suna ɗauka don kare kai su ne suka fi ba ni tsoro, don wuƙa ba ta tare sara, sai dai ta ƙara yawan masu rauni. Wuƙa mai baki biyu da dogon tsini ba ta fiɗa, ba ta feraya, ba a iya dafa bayanta da yatsa. Siffarta ta riga ta faɗi abin da aka ƙera ta dominsa. A gona, a ruga, a mahauta, gajeriyar wuƙar aiki tana nan a matsayinta. Mai shiga gari da ita kuwa gara ta kasance cikin jakar kayan sana'arsa, tare da dutsen washi da sauran abin da zai nuna aikin da za ta yi.