Me Ke Gyara Ɗan Daba? Tambayar Da Kundayen Bincikenmu Ke Tsallakewa

Idan ka duba kundayen digiri na biyu da ake rubutawa a jami'o'inmu kan laifukan yara da matasa, ba za ka daɗe ba za ka haddace fasalinsu. Ɗalibi ya zaɓi ƙaramar hukuma, a ce Tarauni. Ya buga takardar tambayoyi ɗari biyu ko uku, ya raba a Gyadi-Gyadi da Darmanawa da Unguwa Uku, ya tambayi mutane abin da suke ganin yana jefa yara daba da ƙwacen waya. Amsa ta dawo: talauci, shaye-shaye, sakacin iyaye, 'yan siyasa. A babi na biyar sai shawarwari: gwamnati ta samar da aikin yi, iyaye su sa ido, malamai su ƙara wa'azi.

Babu ƙarya a ciki. Amma mai shayin bakin Court Road zai ba ka wannan jerin kyauta kafin ruwansa ya tafasa. Irin wannan bincike ra'ayin jama'a yake aunawa, alhali tambayar da alƙali da kwamishina da uwar yaro suke buƙatar amsarta daban ce: yaron nan da aka kama, me za a yi masa wanda zai sa kada ya koma? A nan nake ganin mun gaza, kuma gazawar tana da tsada.

Matsala ta farko: wa ka tambaya, wa ka bari

Wasu ɗaliban sukan ƙara himma su je gidan horon yara na Goron Dutse su zanta da yaran kansu. Wannan ya fi. Amma a ce ka gano mafi yawansu 'ya'yan talakawa ne, me hakan ya nuna? Mafi yawan yaran Kano ma ai 'ya'yan talakawa ne, kuma galibinsu ba su taɓa ɗaukar wuƙa ba. Sai ka kwatanta da sa'anninsu na layi ɗaya da ba a taɓa kamawa ba kafin ka san abin da ya bambanta su.

Akwai kuma tankaɗe da rairaya da ake yi tun kafin ka iso. Yara biyu su yi laifi ɗaya, mai gata a kashe maganarsa a caji ofis kafin magariba, marar gata ya wuce kotu. Wanda ka tarar a gidan horo shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa. Idan ba ka lura ba, za ka rubuta cewa ka gano musabbabin laifi, alhali musabbabin rashin beli ka gano.

Matsala ta biyu: shekaru na yin aikinsu

Tun 1831 masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya lura cewa aikata laifi yana tafiya da shekaru: ya hau a ƙuruciya, ya kai ƙololuwa, sannan ya riƙa sauka. An sake ganin wannan a ƙasashe da yawa. A 1993 Terrie Moffitt, wadda ta yi aiki da bayanan yara 1,037 da aka bibiya tun haihuwa a garin Dunedin na Niyu Zilan, ta raba masu laifi gida biyu. Akwai masu yawa da suke farawa da balaga su daina da kansu in sun girma, akwai 'yan kaɗan da matsalarsu ta faro tun suna ƙanana ta bi su har girma. Kafin ita, binciken Marvin Wolfgang da abokan aikinsa na 1972 kan samari 9,945 a Filadelfiya ya nuna kashi 6 cikin ɗari kacal ne suka aikata fiye da rabin laifukan da aka rubuta.

Ka ga ke nan, duk shirin da ka yi wa samari 'yan shekara 19, ka dawo bayan shekara uku, za ka tarar da yawa sun shiryu. Wani ya yi aure, wani ya samu Adaidaita Sahu, wani ya ga gawar abokinsa ya tsorata. Ko ba ka yi komai ba hakan za ta faru. To ta yaya za ka san rabon shirinka a ciki?

Ka ɗauki afuwar da rundunar 'yan sandan Kano ta yi wa 'yan daba a 2023, lokacin kwamishina Mohammed Usaini Gumel. Fiye da 200 suka ajiye makamai, aka ɗauki 50 aikin ɗan sandan sa-kai, aka yi ta ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasa. Masu yabo suka ce an yi maganin daba, masu suka suka ce an ba kura ajiyar nama. Kowane ɓangare da labarin mutum ɗaya ko biyu yake kafa hujja. Wanda ya kawo kansa Bompai ya miƙa wuƙa, ta yiwu dama can ya gaji. Adadin waɗanda suka tuba da tarin makaman da aka baje a tebur suna da kyau a hoto, amma alƙaluman da za su raba gardama su ne: bayan shekara biyu, nawa aka sake kamawa, idan an kwatanta da irinsu da ba su shiga shirin ba? Wannan batun digiri na biyu ne cikakke, yana nan a gari yana jiran mai ɗauka.

Kyakkyawar niyya ma tana cutarwa

Za ka iya cewa, to ko bai yi amfani ba ai bai cutar ba. Tarihin wannan fanni ya ƙaryata hakan. A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville kusa da Boston a Amurka. Aka haɗa yara maza biyu-biyu masu kama da juna, aka jefa kwabo: ɗaya ya samu mai ba da shawara da ke ziyartar gidansu, da darasi, da likita, da sansanin hutu, ɗayan a bar shi. Bayan kimanin shekara 30 Joan McCord ta bi sawun mutum 506, ta fitar da sakamako a 1978. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka taimaka wa sun ce shirin ya amfane su. Takardun kotu da na asibiti kuwa suka nuna akasin haka: sun fi takwarorinsu maimaita laifi, sun fi shaye-shayen giya, sun fi mutuwa da wuri. Abin ya fi muni ga waɗanda aka tura sansanin hutu fiye da sau ɗaya, inda aka tara kangararru wuri guda suna koya wa juna.

Ka lura da kyau: da takardar tambayoyi aka raba musu, da an rubuta cewa shirin ya yi nasara.

Haka ya faru da dabarar tsoratarwa. A gidan yarin Rahway na jihar New Jersey an riƙa kai yara gaban masu ɗaurin rai-da-rai su daka musu tsawa, su faɗa musu abin da ke jiransu. Fim ɗin da aka yi a kai a 1978, Scared Straight, har kyautar Oscar ya ci. Da James Finckenauer ya auna, cikin wata shida kashi 41 na yaran da aka kai sun sake laifi, waɗanda ba a kai ba kashi 11. Daga baya Anthony Petrosino da abokansa suka tattara gwaje-gwaje tara na irin wannan shiri, suka ga gaba ɗaya ƙara laifi yake yi. Duk lokacin da ka ji ana cewa a kai yaro Kurmawa ya kwana biyu ya ga uwar bari, ka tuna da wannan.

Kullewar fa? A Shikago, ana raba wa alƙalai shari'un yara ne ba tare da zaɓi ba, kuma wasu alƙalan sun fi wasu saurin ɗauri. Anna Aizer da Joseph Doyle suka yi amfani da wannan suka duba yara sama da 35,000, suka wallafa a 2015. Yaron da ya faɗa hannun alƙali mai tsanani aka kulle shi, damar gama sakandarensa ta ragu da maki 13 cikin ɗari, yiwuwar shiga kurkuku in ya girma ta ƙaru da maki 23. Shikago ba Kano ba ce, gaskiya ne. Shi ya sa muke buƙatar namu alƙaluman.

Doka tana nan, bibiya ce babu ƙarfi

A takarda ba mu rasa dokoki ba. Sashe na 50 na kundin Penal Code ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya laifi, haka ɗan ƙasa da 12 da hankalinsa bai kai ya gane abin da ya yi ba. Wannan iyaka ta yi ƙasa sosai, domin a 2019 kwamitin kare haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawarar kada ta gaza 14. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ba da damar a warware ƙananan laifuka ba tare da shari'a ba, Kano kuma ta samu tata dokar kare yara a watan Mayun 2023. Gidajen gyaran hali na tarayya da ake kira Borstal an daɗe ana lissafa uku ne: Kaduna, Ilori da Abekuta.

Duk da haka, ranar 1 ga Nuwamba 2024 duniya ta ga yara, da yawansu daga Kano, a babbar kotun tarayya ta Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa saboda zanga-zangar watan Agusta. Sun yi kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowa naira miliyan 10. Bayan 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarni aka sake su. Nawa suka koma makaranta? Nawa suka koma sana'a? Wannan ma kundi ne guda. Haka batun shekaru: yaron da ba shi da takardar haihuwa, abin da aka rubuta masa a caji ofis shi ne shekarunsa, kuma tsakanin 17 da 18 akwai bambancin gidan horo da gidan yari.

A yi wa ɗalibai adalci

Ba lalaci ne kawai ya sa ake gudu zuwa takardar tambayoyi ba. Ɗalibi da kuɗin aljihunsa yake bincike, wata goma sha takwas gare shi, rajistar kotu a rubuce take da hannu, samun izinin dubawa aiki ne, kuma dole a ɓoye sunan yaro. Sannan ba duka aka zama ɗaya ba. Rubutun Abdulkarim Ɗan'asabe na 1991 a mujallar Kano Studies da na Y. Z. Ya'u na 2000 sun bi asalin daba daga ƙungiyoyin farauta, zuwa siyasar NEPU da NPC, zuwa matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986. Sun gaya mana daga ina abin ya fito. Abin da ya rage wa namu zamanin shi ne auna magani.

Kuma an yi irinsa a nan Yammacin Afirka. A Monrobiya ta Laberiya, Christopher Blattman da abokansa, tare da wata ƙungiyar cikin gida mai suna NEPI, suka ɗauki samari 999 masu zaman tasha, da ɓarayi da dillalan ƙwaya a cikinsu, 'yan shekara 18 zuwa 35. Da ƙuri'a aka raba su huɗu: wasu horon mako takwas kan danne fushi da tsara rayuwa, wasu dala 200, wasu duka biyun, wasu ba komai. Kuɗi kaɗai tasirinsa ya dushe kafin shekara. Waɗanda suka samu duka biyun kuwa, bayan shekara goma sata da fashinsu ya ragu da kusan rabi. Kuɗin da aka kashe wa kowane mutum kimanin dala 530 ne.

Ba sai da dala za mu fara ba. Kotunan majistare na Gyadi-Gyadi suna da rajista. Ɗalibai uku su haɗu, da izini, su kwafe shari'un 'yan ƙasa da 18 na shekara guda, su sa lamba a madadin suna: laifin me, kwana nawa a tsare, yaya aka ƙare. 'Yan bayansu su zo su duba wa ya sake bayyana. Idan kuma za a tura samari koyon gyaran waya a Farm Centre, gurbi hamsin masu nema ɗari biyu, a yi ƙuri'a a gaban mai unguwa. Ta fi alfarma adalci, kuma waɗanda ba su samu ba sun zama ma'aunin kwatance ba tare da an kashe ko sisi ba. A sa su a sahun zagaye na gaba.

Kai kuma mai karatu, ba sai kana jami'a ba. Gobe idan ka ji a rediyo an ce shiri kaza ya gyara matasa ɗari biyar, ko an ce kamen da aka yi ya kawo ƙarshen daba, ka yi tambaya uku. Da su wa aka kwatanta? Bayan wata nawa aka koma aka duba? Wa ya ƙirga, mai shirin ne ko wani daban? Wanda aka ƙwace wa waya a Zoo Road yana da haƙƙin a san abin da zai hana a maimaita masa, haka uwar da ɗanta ɗan shekara 15 ke jiran shari'a. Idan kai ne za ka zaɓi batun kundi bana, ka zaɓi wanda zai amsa musu.